Kukan Akuya a Cikin Ƙirji: Yadda Likitoci Suka Koyi Sauraren Huhu

Huhun ɗan Adam a lulluɓe yake da tantani mai ninki biyu: ɗaya na manne da huhun, ɗayan kuma na shimfiɗe a jikin haƙarƙari ta ciki. Tsakaninsu akwai ɗan ruwa kaɗan mai sa su riƙa zamewa a kan juna duk sa'ad da aka ja numfashi. In tantanin ya kumbura, majiyyaci yakan ji kamar ana soka masa wuƙa a awazu. In kuwa ruwa ko mugunya ta taru a tsakani har ta kai lita guda ko fiye, sai huhu ya matse, numfashi ya gagara. Abin da ya daɗe yana damun likitoci shi ne yadda za a gane ruwan nan alhali ƙirji a rufe yake.

Likitocin tsohuwar Girka sukan kama kafaɗun majiyyaci su girgiza shi, suna kasa kunne ko za su ji motsin ruwa kamar na goran da bai cika ba. Sai dai dabarar ba ta aiki sai in iska ta shiga tare da ruwan.

A shekarar 1761, wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Leopold Auenbrugger, ya wallafa ɗan littafi da Latinanci a birnin Vienna. Mahaifinsa mai masauki ne, kuma an ce a wurinsa ya ga yadda ake ƙwanƙwasa gangunan giya don a san inda ruwan ya tsaya. Ya gwada haka a ƙirjin mutum: lafiyayyen huhu yana amsawa kamar ganga, mai ruwa kuwa sai ya yi dim. Takwarorinsa suka yi biris da littafin har tsawon shekara 47, sai a 1808 Corvisart, likitan Napoleon, ya fassara shi zuwa Faransanci, sannan duniya ta waiwaye shi.

Almajirin Corvisart, René Laennec, shi ya ƙarasa aikin. A 1816, a birnin Paris, aka kawo masa wata budurwa mai alamun ciwon zuciya. Kunya ta hana shi ɗora kunne a ƙirjinta kamar yadda aka saba, sai ya naɗe takarda ta zama bututu, ya ɗora baki ɗaya a ƙirjinta, ɗayan a kunnensa. Ya ji bugun zuciya sarai fiye da da. Daga nan ya sassaƙa bututun itace, kakan na'urar da likitoci ke ratayawa a wuya yau. Ya yi ta sauraren majiyyata, in sun rasu ya buɗe ƙirjinsu ya gwama abin da ya ji da abin da ya gani. A littafinsa na 1819 ya bayyana cewa in ruwa ya taru a tantanin huhu, muryar majiyyaci kan fito siririya tana rawa kamar kukan akuya. Ya raɗa wa alamar suna égophonie, wato muryar akuya da harshen Girka, sunan da ɗaliban likita ke haddacewa har gobe.

Laennec ya rasu a 1826 yana da shekara 45. Tarin fuka ne ajalinsa, cutar da ya ƙware wajen ganewa amma babu maganinta a zamaninsa: ba a gano ƙwayarta ba sai 1882, maganinta na farko kuwa sai 1943.

A ƙasarmu tarin fuka na cikin manyan abubuwan da ke tara ruwa a tantanin huhu, kuma a asibitin ƙauye inda babu na'urar ɗaukar hoton ƙirji, yatsun Auenbrugger da bututun Laennec su ne makaman malamin asibiti. Bambancinmu da mutanen 1826 shi ne ana warkewa da maganin wata shida. Saboda haka, ɗalibin da muka ga yana dafe awazu, yana tari fiye da mako biyu, kada a tsaya ga ƙahon wanzami: a kai shi a saurari ƙirjinsa.