Abin da Sanƙarau Ya Bari a Cikin Kunne

Jigawa ba ta cika shekara biyar da rabuwa da Kano ba lokacin da sanƙarau ya ratsa Arewa a bazarar 1996. A Najeriya kaɗai ya kama mutum sama da 100,000, ya kashe fiye da 11,000. Abin da aka fi tunawa da shi yau shi ne gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano, da doguwar shari'ar da ta biyo baya.

Amma akwai waɗanda tarihin ya tsallake. An ƙirga mamata, kurma kuma kowa ya gane shi. Yaron da ya tashi daga jinya yana tangaɗi fa? Jiya yana tsalle a kan duwatsun Dutse, yau da magariba ta yi sai ya kama bango. A gida a ce ƙarfi ne bai dawo ba, ko a ce iska ce ta shafe shi.

Matsalar tana can cikin kunne, bayan dodon kunne. Kusa da sashen da ke jin sauti akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ke shaida wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya. Idan cutar ta gangara daga rufin ƙwaƙwalwa zuwa nan, takan lalata ji da daidaito tare, kuma abin da ya mutu ba ya tsirowa. Da rana ido yana rufa wa yaro asiri. A duhu, ko a kan yashi mai laushi, asirin ke tonuwa.

Abin takaici, dabarar jinyar ta girmi annobar da shekara hamsin. A shekarun 1940, a Landan, likitoci biyu, Cawthorne da Cooksey, sun lura cewa masu jiri bayan raunin kai sun fi saurin miƙewa idan an sa su motsi maimakon kwanciya. Suka tsara atisaye: juya kai, jefa ƙwallo daga hannu zuwa hannu, tafiya ido buɗe sannan ido rufe. Ƙwaƙwalwa sai ta koyi dogaro da ido da tafin ƙafa, ta yaro kuwa ta fi ta babba saurin koyo.

Aikin ya iso Najeriya a 1945, a Igbobi da ke Legas, asibitin Dala na Kano kuma ya zo a 1959. Dukansu na ƙashi ne, mu ma sai muka raɗa wa sana'ar suna gashin ƙashi. A ganina sunan ya cuce mu. Wace uwa ce a Kiyawa ko Birnin Kudu za ta ɗauki yaron da bai karye ba ta nufi wajen masu gashi? Alhali rabin abin da za a sa shi, langa ce da carafke da bin layin da aka zana a ƙasa.

Rigakafi ya yi gaba. MenAfriVac ya shigo a 2011, a 2024 kuma Najeriya ta zama ƙasar farko da ta yi amfani da Men5CV, Jigawa na cikin jihohin da aka fara, bayan cutar ta sake ɓulla a can. Yaran 1996 yanzu sun haura talatin, wasunsu su ne suka riƙo hannun 'ya'yansu zuwa layin allurar.