Tarihin Tattara Kayan Tarihi da Tsofaffin Takardu a Ƙasar Haɗejiya

Tattara kayan tarihi shi ne nemo abubuwan da magabata suka bari, kamar makamai, kayan sarauta, littattafan rubutun hannu, wasiƙu da labaran baka, a adana su domin na baya. A ƙasar Haɗejiya, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8 na Jihar Jigawa, wato Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, wannan aiki ya girmi zuwan Turawa. Sai dai bai taɓa zama a hannu ɗaya ba. Fada ta riƙe nata kaso, malamai sun riƙe nasu, maroƙa da dattawa sun riƙe nasu a ka, daga baya kuma gwamnati da jami'o'i suka kwashi wani kaso zuwa wasu garuruwa.

Kafin zuwan Turawa

Kafin jihadi akwai ƙananan masarautu bakwai a wannan yanki: Auyo, Haɗejiya, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa, dukkansu suna biyayya ga Borno ta hannun Galadima da ke Nguru. Garun Gabas ita ce ake dangantawa da Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Yawancin abin da ya rage daga wancan zamani yana cikin ƙasa ne da kuma bakin mutane: kufai, ragowar ganuwa, fasassun tukwane da jerin sunayen sarakuna da ake haddacewa.

Da Sarki Sambo ya kafa mulkin Fulani a birnin Haɗejiya a 1808, fada ta zama babbar ma'ajiya. A nan ake ajiye tambura, kakaki, takubba, masu, sulke, kwalkwali da lifidi. Ba don kallo ake ajiye su ba, kayan aiki ne na yaƙi da sarauta, kuma kowanne yana da bawan sarki ko mai sarautar da ke kula da shi, ya kuma san labarinsa. Hawan salla ya taimaka wajen raya su, domin duk shekara sai an fito da su, an gyara wanda ya lalace.

Ma'ajiya ta biyu ita ce zauren malami. Haɗejiya ta yi suna da tsangayu da mahaddata, inda gwanaye da alarammomi ke rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin gamba da tawadar gida, a yi masa zayyana, a sa shi cikin gafaka. Tare da shi akan samu littattafan fiƙihu, waƙoƙin wa'azi da ajami da takardun rabon gado. Da yawa daga cikin irin waɗannan rubuce-rubuce a ƙasar Hausa an yi su ne a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata guda uku, wadda fatake ke kawowa ta Sahara, kuma masana kan yi amfani da wannan alama wajen kintata shekarun littafi.

Ta uku ita ce ƙwaƙwalwar maroƙa, makaɗa da tsofaffin fada. Su ne suka riƙe labarin Sarki Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato, ya karya rundunar da aka turo masa a Kaffur a 1853, ya kuma rasu a fagen yaƙi a ƙasar Bade a 1863. Matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, da ya ratsa Gumel a 1851, ya ambaci Buhari a littafin tafiyarsa, saboda haka ana iya gwada abin da baki ya riƙe da abin da baƙo ya rubuta.

Zamanin Turawa

A ranar 25 ga Afrilu, 1906, sojojin Ingila suka ci Haɗejiya da yaƙi, Sarki Muhammadu ya rasu yana fafatawa, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Daga nan aka shiga sabon salon ajiya, wato fayil ɗin ofis. Joji-joji da razdan suka riƙa tara dattawa suna tambayarsu asalin garuruwa da salsalar sarakuna, ba don son tarihi kaɗai ba, har don tsara haraji da sanin wanda ya cancanci sarauta. J. M. Fremantle ya wallafa tarihin yankin Katagum da maƙwabtansa a 1911, W. F. Gowers kuma ya fitar da kundin bayanin Lardin Kano a 1921, wanda Haɗejiya ke ciki. Masana na amfani da waɗannan rubuce-rubuce da taka-tsantsan, domin ta bakin tafinta aka ɗauke su, kuma wanda ya ci yaƙi ne ya riƙe alƙalami. Kabarin wani jami'in Turawan mulki, Kyaftin Phillips, wanda Haɗejiyawa ke kira Mai Tumbi, yana cikin wuraren tarihi na garin daga wannan zamani.

Hukumomi da jami'o'i

An kafa sashen kula da kayan tarihi na Nijeriya a 1943 ƙarƙashin K. C. Murray, aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, aka yi dokar kayan tarihi a 1953. A 1954 Kenneth Dike ya jagoranci kafa ofishin adana takardun gwamnati, kuma a reshensa na Kaduna ne fayilolin Lardin Kano suke, har da rahotannin da suka shafi gundumomin Haɗejiya. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya kafa cibiyar bincike ta Gidan Arewa a Kaduna. Doka ta 77 ta 1979 ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda sai da izininta ake fitar da kayan tarihi daga Nijeriya.

A ɓangaren labaran baka, Victor N. Low ya tattara bayanai daga bakin dattawan Haɗejiya, Katagum da Gombe, ya wallafa su a 1972. Bayansa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, cikinsu har da 'yan ƙasar, irin su marigayi Farfesa Haruna Wakili, sun zurfafa binciken tarihin masarautar. Da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, nauyin kula da al'adu ya koma Dutse, amma tsofaffin takardun suka ci gaba da zama inda suke.

Fadama da abin da take ɓoyewa

Yanayin ƙasar yana da hannu a wannan tarihi. Ambaliyar kogin Haɗejiya, irin wadda aka gani a 2020 da 2022, tana rusa gidajen ƙasa, ta jiƙa littattafai, danshi da gara su ƙarasa saura. Amma laka kan adana abin da iska za ta cinye. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, aka gano tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma kusan 8,000, wato kwalekwale mafi tsufa da aka samu a Afirka. Dufuna tana cikin kwarin Komadugu, inda ruwan Haɗejiya ke malala, abin da ke nuna irin darajar binciken ƙarƙashin ƙasa a wannan fadama.

Halin da ake ciki

A yau wayar hannu da intanet sun sauƙaƙa ɗaukar hoton tsofaffin takardu, matasa kuma na yaɗa hotunan sarakuna da tarihin garuruwansu a Facebook. Amma rabon gado na ci gaba da tarwatsa littattafan gida ɗaya zuwa hannaye da yawa, dillalai na saye, dattawan da suka san labarin kowane takobi suna ƙarewa. Har yanzu mai son rubuta tarihin Haɗejiya sai ya haɗa da fadar sarki, zaurukan malamai, Kano, Zariya da Kaduna kafin ya tara abin da yake bukata.