Ciwon da ya jira baƙi a Gilasgo

A shekarar 1962 wani likita a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan, Matthew Dunnigan, da abokan aikinsa suka fitar da rahoton da ya ba likitocin Birtaniya mamaki. Yaran 'yan Pakistan mazauna birnin suna zuwa asibiti da ƙafar baka da gwame, har da waɗanda suka tasa, manya kuma na kukan ciwon ƙashi. Turawa sun ɗauka tun zamanin yaƙin duniya na biyu suka rabu da wannan ciwo.

Alhali ciwon ɗan gida ne. Tun 1650 Francis Glisson ya rubuta littafi a kansa, har sauran Turai suka riƙa kiransa ciwon Ingilishi. Da masana'antu suka bunƙasa sai ya samu wurin zama a unguwannin talakawa irin Gorbals ta Gilasgo: dogayen gidajen haya a cunkushe, lunguna masu duhu, hayaƙin kwal ya rufe sama. Yaro ya fara tafiya, ƙafa ta lanƙwashe ƙarƙashin nauyinsa, wuyan hannu ya kumbura. Yarinya kuwa sai ranar haihuwa ake ganin ɓarnar, don ƙugunta ya tsuke.

A 1890 Theobald Palm, likitan mishan da ya zauna a Jafan, ya lura cewa yaran matalauta a can ba kasafai suke wannan ciwo ba, ya ce rana ce sirrin. Ba a kula shi ba. Sai 1919, da Edward Mellanby ya tsare karnuka a ɗaki yana ba su kunun hatsin da mutanen Sikotlan ke karyawa da shi, ƙashinsu ya lalace, ya warkar da su da man hantar kifi. A shekarar kuma Kurt Huldschinsky ya warkar da yara a Barlin da hasken wata fitila ta musamman. A 1922 Elmer McCollum ya raɗa wa sinadarin da ke cikin man kifin suna bitamin D. Fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, in babu shi kuwa hanji ba ya iya tsotsar kalsiyam yadda ya kamata, ƙashi ya yi laushi. Daga 1940 gwamnatin Birtaniya ta tilasta zuba bitamin ɗin a man majarin, aka riƙa raba wa yara man kifi, ciwon ya ja baya.

Sai ga baƙi daga Punjab, wasu na tallar kaya gida-gida, wasu kwandastocin bas. Inda haya ke da araha nan suka sauka, wato lungunan da ciwon ya saba. Da man shanu suke girki, majarin ba cimarsu ba ce. Daga Oktoba zuwa Maris kuwa ranar Birtaniya ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa bitamin ɗin, kuma fata mai duhu ta fi buƙatar daɗewa a rana.

Nan gardama ta kaure. Aka ɗora laifi a kan gurasarsu ta capati, wai wani sinadari a dusar alkama yana riƙe kalsiyam. Aka tsangwami suturar mata da zaman gida. Ban ce waɗannan ba su da hannu ba, suna da shi. Amma ni a ganina an fi jin daɗin zancen abincin baƙo da tufafinsa, don shi ne bayanin da ba ya cin kuɗin kowa. Tun 1917 Alfred Hess ya tarar da ciwon ya yi katutu a yaran baƙar fata na wata unguwa a Niyok, ya kare su da man kifi, kuma ba capati suke ci ba. Yaran Gorbals na da ma ba wanda ya sa musu mayafi.

Likitocin Gilasgo sun gwada zuba bitamin a garin capati, suka ga yana aiki, amma gwamnati ta ƙi mayar da shi doka. Tana da hujjarta: a shekarun 1950 an cika bitamin ɗin a madarar jarirai, aka danganta rashin lafiyar wasu da hakan. A 1979 hukumar lafiya ta Gilasgo ta fara raba ɗigon bitamin kyauta ga yaran 'yan Asiya, masu kwanciya asibiti saboda ciwon suka ragu ƙwarai. Gangamin ƙasa baki ɗaya sai 1981.

Namu da ke can yanzu su ma layin ya biyo ta kansu. Wata 'yar uwa da ta je karatu ta yi hunturu biyu tana ce min, "Yaya, sanyi ne ya shiga ƙashina," tana shafa man zafi, tashi daga sujada sai ta dafa bango. Gwajin jini ɗaya ya nuna inda matsalar take. Tun 2016 hukumomin lafiyar Ingila ke ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 na bitamin D a rana lokacin sanyi, masu duhun fata kuma duk shekara.

Kada dai mai karatu a gida ya ga yaro da ƙafar baka ya ruga sayen ƙwayar bitamin D. Binciken da Tom Thacher da abokansa suka yi a Jos, wanda ya fito a 1999, ya nuna yaranmu rana ta ishe su, kalsiyam ne ya yi ƙaranci a abincinsu, tuwon masara ba nono. Waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa.