Kalmar "prowess": ma'anarta da inda ta samo asali

"Prowess" kalma ce ta Ingilishi mai nufin ƙwarewar da ta wuce ta kowa a wani fanni, ko kuma jarumtaka a fagen yaƙi. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce bajinta, domin ita ma ta haɗa zuciya da gwaninta wuri guda. Ana furta ta kamar "pirawis", da nauyi a kan "raw".

Duk wanda ya yi karatu da Faransanci zai ga kamar ya san ta, kuma bai yi kuskure ba: ƴar'uwar "prouesse" ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ingilishi ya aro ta ne daga tsohon Faransanci, inda ake rubuta ta "proece" ko "proesce". Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon ƙarnoni, kuma kalmomin sarauta da na yaƙi suka yi ta kwarara cikin bakin Ingila. A wajen ƙarni na 13 ne "prowess" ta bayyana a rubuce-rubucen Ingilishi.

Tushenta shi ne "prou" ko "prod", wato jarumi, wanda ya zama "preux" a Faransancin baya. Shi kuma ya fito ne daga Latin "prode", mai amfani, daga fi'ilin "prodesse", wato a amfanar. Ke nan tun asali, jarumi shi ne wanda yake da amfani ga ubangidansa ranar da ƙura ta tashi. Barade masu sulke na Turai suna ɗaukar wannan hali a matsayin na gaba cikin halayen da ake nema ga barde, tare da amana da kyauta. A wajen 1312 mawaƙi Jacques de Longuyon ya jera mazaje tara da aka riƙa kira "Neuf Preux", cikinsu har da Iskandari Mai Girma, da Yuliyus Kaisar, da Sharlaman.

Wannan tushe ya haifi wasu kalmomin da ba za a yi zaton dangi ba ne. "Proud", mai alfahari ko girman kai, daga nan take. Haka ma "prud'homme", da ake ji a sunan kotunan sasanta ma'aikata da iyayen gidansu a Faransa, wanda da can ke nufin mutumin kirki mai hankali.

A yau takobi ya bar kalmar. Jaridun Ingilishi sun fi amfani da ita ga ɗan ƙwallo, ko mawaƙi, ko ɗan kasuwa, ko ƙasar da ta yi fice a kimiyya. Ɗan kokowar da ya haɗa ƙarfi da dabara har ya ɗauki takobin ƙasa ya dace da ita ƙwarai.

Inda masu fassara ke yawan tuntuɓe shi ne bambancin ƴan'uwan biyu. A Faransanci "prouesse" aiki ne guda da aka yi, ana iya ƙirga shi, a ce "des prouesses". A Ingilishi kuwa "prowess" hali ne da ke jikin mutum, kuma ba a cika yi mata jam'i ba. Idan aikin bajinta guda ake nufi, kalmar da Ingilishi ke sawa ita ce "feat".