Asarar Rundunar Ruwan Rasha a Bahar Aswad da Tasirinta a Fagen Daga, 2022–2024

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci asarar da rundunar sojan ruwan Rasha ta tafka a Bahar Aswad daga Fabrairun 2022 zuwa Maris 2024, da yadda asarar ta shafi yaƙin da ake gwabzawa a tudu. An bi abubuwan da suka faru bisa jerin lokaci, aka auna su da ra'in Julian Corbett. Binciken ya gano cewa Yukiren ta hana Rasha sakewa a yammacin tekun, ta tsirar da Odesa da cinikinta na hatsi, amma layin daga a Donbas da Zaporizhzhia bai motsa saboda haka ba.

1.0 Gabatarwa

Lokacin da Rasha ta ƙaddamar da mamaya ranar 24 ga Fabrairun 2022, Yukiren ba ta da rundunar ruwa ta a-zo-a-gani. Yawancin jiragenta sun salwanta tun 2014 da Rasha ta ƙwace Kirimiya, kuma da hannunta ta nutsar da babban jirgin da ya rage mata, Hetman Sahaidachny, a Mykolaiv don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Duk da haka, cikin shekara biyu rundunar Rasha ta kwashe yawancin manyan jiragenta daga Sevastopol zuwa Novorossiysk. Tambayoyin binciken biyu ne: ta yaya hakan ta faru, kuma me ya sa ba ta sauya alƙiblar yaƙin ba?

2.0 Ra'in Bincike

A littafinsa na 1911 kan dabarun yaƙin teku, masanin Birtaniya Julian Corbett ya nuna cewa sau da yawa teku ba ta hannun kowane ɓangare, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana iya hana babba mallake ta. Ya kuma yi nuni da cewa tunda a tudu mutane ke zaune, ƙimar ƙarfin ruwa tana ga abin da ya sawwaƙe wa dakarun ƙasa. Da wannan ma'auni aka duba bayanan da ke tafe.

3.0 Matakan Asarar

Mataki na farko na makamai masu linzami ne. Ranar 14 ga Afrilun 2022 Moskva, jagoran jiragen rundunar, ya nutse. Yukiren ta ce makaman Neptune biyu ta harba masa, Rasha kuwa ta ce gobara ce ta tayar da albarusan cikinsa. Rashinsa ya raunana kariyar sama da sauran jiragen ke fakewa da ita, kuma ranar 30 ga Yuni Rasha ta janye daga Tsibirin Maciji.

Mataki na biyu ya kai yaƙin cikin tasha. A Satumbar 2023 makamai masu linzami sun lalata jirgin sauke dakaru Minsk da jirgin ƙarƙashin ruwa Rostov-on-Don a wurin gyara a Sevastopol, sannan ranar 22 ga watan aka kai hari kan hedikwatar rundunar.

Mataki na uku na kwale-kwale marasa matuƙa ne, musamman Magura V5. Ana sakin su da dama a lokaci guda cikin dare, suna tafe ƙasa-ƙasa da ruwa ta yadda na'urar hangen jirgi ke wahalar gano su. Da su aka nutsar da jiragen Ivanovets da Tsezar Kunikov a Fabrairun 2024, da Sergei Kotov a Maris.

Abin da ya tsananta asarar shi ne Yarjejeniyar Montreux ta 1936. Da ita Turkiyya ta rufe mashigan Bosphorus da Dardanelles ga jiragen yaƙin masu faɗa a ƙarshen Fabrairun 2022, don haka Rasha ba ta da hanyar kawo manyan jirage daga sauran rundunoninta su maye gurbin waɗanda suka nutse.

4.0 Tasiri a Tudu

Ribar Yukiren ta fi bayyana a fannin tattalin arziki. Barazanar sauke dakaru a gaɓar Odesa ta kau. Bayan Rasha ta fice daga yarjejeniyar fitar da hatsin Yukiren ta teku a Yulin 2023, wadda aka fitar da kusan tan miliyan 33 a ƙarƙashinta, Yukiren ta buɗe nata layin jiragen kaya ta gaɓar Romaniya da Bulgeriya ba tare da izinin Mosko ba.

A tudu kuwa al'amarin ya sha bamban. Bakhmut ta faɗi a Mayun 2023. Farmakin Yukiren na bazarar 2023 ya cije a filayen nakiyoyi da ramukan tsaro na Zaporizhzhia, bai kai Tekun Azov ba. Avdiivka ta faɗi a Fabrairun 2024, kwanaki kaɗan bayan nutsewar Tsezar Kunikov. Dalili shi ne dakarun Rasha ba su dogara da teku wajen samun abinci da albarusai ba. Tituna daga Rostov ta Mariupol zuwa Kirimiya, tare da gadar Kerch, su ne jijiyarsu. Haka kuma sauran jiragen sun ci gaba da harba makaman Kalibr daga nesa.

5.0 Kammalawa

Sakamakon ya yi daidai da ra'in Corbett. Yukiren ba ta mallaki Bahar Aswad ba, ta dai hana Rasha mallakarta, kuma da makamai masu arha matuƙa idan aka kwatanta da jiragen da suka nutsar. Wannan ya ba ta kuɗin shiga da damar jure dogon yaƙi. Sai dai matuƙar hanyar tudu zuwa Kirimiya tana hannun Rasha, yawan dakaru, manyan bindigogi da jirage marasa matuƙa a fagen daga su ne za su yanke hukunci kan yankunan da ake taƙaddama a kansu.