Keso: Tarihin Lambar 20,000 a Ƙidayar Hausa

Ɗalibi a Bantama ko Zangon Kumasi yakan ce "dubu ashirin" ya wuce, bai san kakanninsa fatake suna da kalma guda ta wannan adadi ba, wato keso. Wannan takarda za ta yi tsokaci a kanta.

Kafin zuwan Turawa, wuri ne kuɗin ƙasar Hausa da na kasuwar Salaga, inda fatake ke sarin goron Asante. Wuri 20 hauya ke nan, 100 kuwa zangu. Asalin keso tsohuwar tabarma ce, sai sunan ya koma kan ƙunshin wuri 20,000. A 1851 Heinrich Barth ya ga ana ƙirga wuri biyar-biyar a Tasawa, kowane buhu 20,000.

Adadin ya dace da ciniki. In an warware shi, 2 ce guda biyar da 5 guda huɗu aka ninka da juna, don haka lambobi 30 ne ke raba shi ba saura. Keso hauya 1,000 ne, ko zangu 200. Sai dai bai rabuwa uku daidai. Wuri biyu kan yi saura.

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watse, wasu suka zauna Kumasi bayan Ingila ta ci birnin a 1896. Kuɗin Turawa ya kori wuri, keso ya bi shi. Amma sidi, kuɗin Gana tun 1965, sunan wuri ne a harshen Akan. Ya kamata ɗalibai su nemi ire-iren waɗannan kalmomi a bakin dattawan zango tun suna raye.