Raƙuman Dawan Kure da Manoman da Suka Riƙe Su

Wanda ya bar Yamai ya kama titin Doso, bayan tafiyar kimanin kilomita 60 zai iso Kure. Babu shinge a wurin, babu ƙofa irin ta gandun daji. Gonakin gero ne da na wake, da ƙauyukan Zabarmawa, da rugagen Fulani, da amalanken jakai masu jigilar itace. A tsakanin waɗannan gonaki ne ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke kiwo, har mace takan fito da tulu za ta rijiya ta gitta ta kusa da su ba tare da ta ɗaga kai ba.

Shekara ɗari da wani abu da suka wuce, wannan dabba ta bazu tun daga Senegal har zuwa gaɓar tafkin Chadi. Sunan da masana suka san ta da shi, wato peralta, a Najeriya ya samo tushe. A 1898 wani masanin dabbobi na Ingila mai suna Oldfield Thomas ya duba ƙasusuwan wani raƙumin dawa da aka harbo a wajajen Lokoja, inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, ya ga ya bambanta da na sauran wurare, ya raɗa masa wannan suna mai nufin dogo ƙwarai. Daga nan labarin ya zama na raguwa. Bindiga ta yawaita, gonaki suka ci daji, mutane da dabbobin gida suka ƙaru. Ɗaya bayan ɗaya ƙasashe suka rasa nasu: Senegal, Muritaniya, Najeriya, daga baya Mali. A Nijar sun daɗe a yankin Ayoru, kusa da iyakar Mali, har farin shekarun 1970 da na 1984 ya ƙone musu abinci, masu farauta kuma suka matsa musu. Waɗanda suka tsira suka gangaro kudu, suka yada zango a Kure.

A nan wata Bafaranshiya mai nazarin halayyar dabbobi, Isabelle Ciofolo, ta shiga bin sawunsu. A 1995 ta wallafa bincikenta a wata mujallar kimiyya, tana faɗakarwa cewa garken na gab da ƙarewa, kuma abin da ya fi yi masa barazana shi ne sare daji da faɗaɗa gonaki. Ita da abokin aikinta Yvonnick Le Pendu suka ɗauki hanya mai cin rai amma tabbatacciya. Rodi-rodin jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsan ɗan Adam, kuma ba ya sauyawa har ya mutu. Sai a ɗauki hoton gefensa na dama, a zagaya a ɗauki na hagu, a rubuta ko namiji ne ko mace, babba ne ko ɗan maraƙi, a ba shi lamba. Da haka ba a ƙirga dabba ɗaya sau biyu, kuma in wata ta ɓace za a san wacece. Lissafin 1996 ya tsaya a kan 49.

A wannan shekarar ce kuma aka yi musu ɓarnar da ba a manta da ita ba. Gwamnatin soja ta Ibrahim Bare Mainasara ta so ta yi wa wasu shugabannin maƙwabta kyautar raƙuman dawa, aka tura sojoji kamu. Raƙumin dawa ba ya jure kora da ɗauri irin na ganganci, don haka da dama suka mutu a banza. Garken da bai kai 100 ba, asarar ko guda biyar a cikinsa babban gibi ne. Bayan shekara biyu, a 1998, Nijar ta kafa dokar farauta da kare namun daji, raƙumin dawa ya shiga jerin waɗanda aka haramta taɓawa kwata-kwata.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken Le Pendu da Ciofolo, wanda suka buga a 1999, shi ne yadda suka gano zirga-zirgar dabbobin tsakanin damina da rani. Da ruwa ya sauka, sai su hau tudun Kure, inda daji yake tsirowa layi-layi, layin itatuwa sannan layin fako, har in an hango shi daga jirgin sama sai ka ce zanen jikin dabba. Can suke samun geza da sabara da sarƙaƙiya sun yi sabon ganye. Da kaka ta wuce, tudu ya bushe, sai su gangara kwarin Dallol Boso, wajajen Harikanasu, inda ruwa yake kusa da ƙasa kuma gawo ya cika gonaki.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san halin gawo. Lokacin da sauran itatuwa suke kore da damina, shi a tsaye yake tsirara, ba ya tare wa gero rana. Idan rani ya yi tsanani, kowa ya kaɗe, sai shi ya yi ganye shar, ya zubo da 'ya'ya. Shi ya sa manomi ba ya sare shi, don ya san hatsin da ke gindin gawo ya fi na ko'ina kyau, awakinsa kuma suna samun abin kalaci. Manoman Dallol Boso don amfanin kansu suka bar gawo a gonakinsu tun kaka da kakanni, ba su san suna tanadar wa wata dabba abincin rani ba. Akuya tana tsintar 'ya'yan da suka faɗo, raƙumin dawa yana miƙa wuya ya zaro ganyen da ke sama da dogon harshensa, ƙaya ba ta dame shi ba. Da a ce an share kwarin nan an mai da shi fili fetal irin na noman tarakta, da wuya garken ya ga shekara ta 2000.

Daga 2005 ƙidaya ta zama aikin kowace shekara, a lokacin damina da dabbobin suke taruwa a tudu. Ma'aikatan gandun daji, da 'yan rakiya na Kure waɗanda suka san dabbobin ɗaya-ɗaya, da ƙungiyar ceton raƙuman dawan Nijar da ake kira ASGN, suka riƙa fita tare da masu bincike. A 2012 Jean-Patrick Suraud da abokan aikinsa suka buga sakamakon a mujallar Oryx: garken yana ƙaruwa da kusan kashi 12 cikin 100 a shekara, abin da ya zarce yadda aka zata. Dalilin a bayyane yake. A gandun dajin gabashin Afirka zaki da kura suna cinye 'ya'yan raƙuman dawa masu yawa kafin su shekara. A Kure mutane sun daɗe da kawar da zaki, don haka da aka daina harbi sai kusan duk abin da aka haifa ya rayu. Ƙasar da ɗan Adam ya sauya wa kama, wadda masana da yawa suke ɗauka ta riga ta lalace, ita ta zama mafaka.

Kafin wannan, a 2007, binciken ƙwayoyin halitta da Alexandre Hassanin ya jagoranta a Faransa ya kawo wani labari mai tayar da hankali. An daɗe ana zaton wasu raƙuman dawan da ke gidajen namun daji na Turai, da na arewacin Kamaru da Chadi, duk peralta ne. Gwaji ya nuna na Kordofan ne, wani iri daban. Ashe babu ajiya a ko'ina: in na Nijar suka ƙare, shi ke nan. A 2008 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su cikin jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani bincike da aka buga a 2009, wanda masanan Nijar da na Faransa suka yi tare, ya koma wajen manoma ya tambaye su. Kukansu biyu ne: wake da mangwaro. Raƙumin dawa bai damu da gero ba, sai dai ya tattake shi in zai wuce, amma wake yana ci, galibi da dare. Manomi ya sha wahala ya yanke harawa, ya ɗaure ta dami-dami, ya ɗora a kan reshe ko bisa rumfa don kada akuya ta kai gare ta, ga shi kuwa daidai bakin raƙumin dawa ya ajiye ta. Ya wayi gari ya tarar da igiya kawai da manyan sawaye. Harawar nan ita ce abincin ragon layyarsa, ita ce kuɗin cefanensa na rani, doka kuma ta hana shi ko jifa mai rauni. ASGN da masu tallafa mata sun yi ƙoƙarin rage zafin abin da haƙa rijiyoyi da bai wa mata ƙananan rance, kuɗin da baƙi masu yawon buɗe ido suke biya kuma aka riƙa raba wani kaso ga ƙananan hukumomin yankin. An gode, amma rijiyar gari ba ta mayar wa mutum ɗaya waken da aka cinye masa. A ganina wannan bashi har yau ba a biya shi yadda ya kamata ba.

Tudun Kure ma bai tsira ba. Yamai tana girma, kuma da itace take girki, don haka dajin Kure ya riƙa tafiya birni a bayan manyan motoci. Da daji ya ragu, garke kuma ya ƙaru, sai dabbobin suka fara nausawa zuwa Fandu da Dingazi da wasu wurare masu nisa, inda mutane ba su saba da su ba. Wasu kuma mota ta buge su a kan titin Doso.

Zuwa 2017 ƙidaya ta haura 600, a 2018 kuma IUCN ta sassauta matsayinsu zuwa mataki na ƙasa da wanda ta sa su a 2008. Amma tara dukiya duka a ɗaki ɗaya ganganci ne, domin annoba guda ko fari guda na iya share ta. Don haka a watan Nuwamban 2018 gwamnatin Nijar, da gidauniyar kare raƙuman dawa ta GCF, da asusun kare namun Sahara, suka kama matasan raƙuman dawa 8, wannan karon da likitocin dabbobi da allurar sa barci, suka yi tafiyar kusan kilomita 800 da su a mota zuwa gandun Gadabeji da ke yankin Dakoro a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba. A 2022 aka ƙara kai 4, kuma sun fara haihuwa a can.

Ranar 9 ga Agustan 2020, 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum 8 a dajin Kure: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban 'yan rakiyar yankin, mutumin da ya shafe shekaru yana nuna wa baƙi waɗannan dabbobi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Baƙi suka ɗauke ƙafa, ɗan kuɗin da yake shigowa ya tsaya, masu bincike daga waje suka rage zuwa. Aikin ya koma hannun 'yan ƙasa, ma'aikatan gandun daji da 'yan rakiya da matasan masana na Nijar.

Raƙuman dawa kuwa ba su fasa gangarowa gindin gawo ba duk rani, manoman Kure da Dallol Boso kuma ba su fasa haƙuri da su ba. Duk hukuma ko ƙungiyar da za ta sake ware kuɗi don wannan dabba, ta fara da biyan mai harawa.